Daga Burmi zuwa Gadarif: Tarihin Zargi a kan Muhajirai

Duk mai son fahimtar yadda Hausawa da Fulani suka yawaita a Gadarif, garin dawa da riɗi na gabashin Sudan, wajibi ne ya waiwayi shekarar 1903, lokacin da Nasara suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya kuma ya ƙi zama ƙarƙashin hukuncinsu, ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas. Da labari ya bazu, sai manoma suka bar gonaki, malamai suka naɗe buzayensu, dubban jama'a suka rufa masa baya, abin da ya tayar da hankalin Gwamna Lugga, har aka saki rundunoni suna bin sawunsa gari gari.

Nauyin irin wannan nema ba ya sauka a kan wanda ake nema shi kaɗai, domin garin da ya ba shi ruwa, da maigidan da ya sauki mabiyinsa, da sarkin da ya tsinci kansa tsakanin mubaya'ar da ke wuyansa da bindigar da ke ƙofarsa, dukkansu sukan wayi gari abin tuhuma. An tarar da Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuwa ya ja ragowar jama'a har bakin kogin Bahar Azraƙ a Sudan, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Daga wannan ayari, da kuma alhazan ƙafa masu nufin tashar Sawakin, aka sami waɗanda suka yada zango a Gadarif, zangon kuma ya zama gida.

Sai dai Ingilishin da suka baro a Sakkwato su suka iske suna mulkin Sudan, cike da fargabar Mahadiyya, suna kallon kowane malami baƙo da allonsa tamkar mai shirin fitina. A 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa ta Nijeriya bisa zargin Mahadiyya, ba da jimawa ba kuma aka turo jami'insu Lethem daga Nijeriya domin ya binciki halin mutanen yamma mazauna Sudan. Daga bisani zargi ya koma takarda, yayin da dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta gaje ta a 1957, suka shardanta zama a ƙasar tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar jikokin muhajirai da yawa a waje, alhali da guminsu ake girbe dawar Gadarif. Shi ya sa a zamanin shugaba Numeiri, da 'yan sanda suka shahara da samamen da ake kira kasha, musamman a Khartum, wanda ba shi da takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ya fi kowa zama cikin ɗar-ɗar.

Shari'a ba ta hana hukuma neman mai laifi ba, amma Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gida, Suratul Hujurat ta haramta tajassusi da mummunan zato. Hukumar da ta kama unguwa guda da laifin mutum ɗaya, ko ta mai da asalin mutum hujja a kansa, ta fita daga haddin adalci ta shiga zalunci, ko da wanda take nema ya zo hannu.