Korama da tafkunan kudancin Damagaram

Korama kwari ne mai tsawo da ya ratsa kudancin jihar Damagaram. Ya taso daga wajajen Kance da Matamaye, ya gangara gabas ta ƙasar Magarya da ta Dungas, ya nufi iyakar Nijeriya. Ba kasafai ruwansa ke gudu daga farko har ƙarshe ba. Idan damina ta wuce sai ya tsinke, ya bar tafkuna da fadamu jere a tsakanin tuddan rairayi. Amma ruwan bai yi nisa a ƙasa ba: a wurare da dama gaba ɗaya ko biyu ake haƙawa a tarar da shi. Wannan kusancin ruwa ne ya zaunar da mutane a nan tun da daɗewa, shi ya sa kuma yankin yake cikin mafi cikar jama'a a duk ƙasar Nijar.

Kafin Damagaram ta yi ƙarfi, sarautun Sosebaki ne ke riƙe da yawancin kwarin, wato Mirya da Washa da Dungas, waɗanda ke kai gaisuwa Borno. A farkon ƙarni na 19 jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga birnin Daura. Ɗaya daga cikinsu, Sarkin Gwari Abdu, da jama'arsa suka yi arewa, ya zauna a Yekuwa, daga baya zuriyarsa ta rarrabu zuwa Zango da Ɓaure da Magarya. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta shimfiɗa ikonta a kan waɗannan ƙasashe. Ba don banza ake ta ja-in-ja a kansu ba, domin nan ne hatsi yake, nan ne makiyayi ke samun mashaya da rani, ta nan kuma ayarin fatake ke bi tsakanin Kano da birnin Zinder.

Faransawa sun kama Zinder a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyaka da Ingilishi, aka raba dangi gida biyu, Zango da Ɓaure suka faɗa Nijeriya, Magarya da Yekuwa suka faɗa Nijar. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, noman gyaɗa ya mamaye jigawa, Magarya ta zama babbar kasuwarta, ana ɗaukar buhuna a yi kudu da su. Gyaɗa ta kawo kuɗi, ta kuma cinye daji da saura. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karya wannan ciniki, sai mutane suka sake juyowa ga fadama, wadda dama ita ce madogararsu idan tudu ya ƙi.

Aikin fadama a Korama yana da tsarinsa. Rake ne sarkin amfani, musamman a wajajen Bande da Washa. Ana dasa guntayensa a ƙasa mai laima, ya yi watanni yana girma, a sare shi da sanyin hunturu, a ɗaure dami-dami, amalanken shanu su fitar da shi bakin hanya inda motoci ke lodi zuwa Zinder da Agadas. A gefensa akwai rogo da dankali da albasa da tumatur da kabewa. Can baya kuwa dabino da giginya da goruba ne ke tsaye, mata na yanko kaba suna saƙa tabarma da faifai. Mai lambu yakan haƙa 'yar rijiya a tsakiyar fegi, ya ɗebo da guga ko ƙwarya ya zuba. Yanzu ƙananan injunan ban ruwa sun maye gurbin guga a gonaki da yawa.

Tafkunan su ma suna da masu su. Bisa al'ada sarkin ruwa ne ke cewa a shiga ko a dakata, kuma ba a taɓa kifi sai ya kai. Ranar da aka buɗe su, ƙauyukan kewaye kan taru, masunta su faɗa ruwa a kan gora da koma a hannu, su fito da tarwaɗa da karfasa, mata na suya a bakin gaɓa, makaɗa na yi. Taro irin wannan, tare da kokawar kaka da hawan salla, shi ne shaƙatawar mutanen karkara tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido.

Ɗaya daga cikin sanannun tafkunan jihar Damagaram shi ne na Lasuri. A shekarar 2005 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da ke sauka a cikinsa. Da hunturu agwagin ruwa da ke gudo wa sanyin Turai kan haɗu da tsuntsayen gida, irin su dinya da kirinjijiya da balbela. Duk da wannan suna, baƙi kaɗan ne ke isa can. Wanda ya zo Damagaram yakan tsaya ga fadar Sarki da unguwar Birni, ya juya. Hanyoyin tafkin na rairayi ne, babu masauki, sai dai a sauka gidan mai gari kamar yadda baƙo ya saba. Abin takaici ne, domin wanda bai ga Korama da rani ba bai san abin da ke ciyar da Damagaram ba.

Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magarya, amma matsalar kwarin ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Iska na kwaso rairayi daga tuddan da aka sare itatuwansu tana cike tafkuna, ciyawar kacalla na toshe bakin ruwa, gonaki kuma sun matse burtalin da dabbobi ke bi zuwa mashaya, abin da kan jawo saɓani tsakanin manoma da makiyaya. A wasu ƙauyukan jama'a na kafa shingen kara da dasa itatuwa a kan tudu don tsayar da rairayin, suna kuma barin tohon gawo ya girma a gonakinsu, dabarar da manoman Magarya da Matamaye suka yi fice da ita tun bayan farin 1984.