AAD, ADD, DDD: me haruffan nan na bayan tsoffin fayafayan CD suke nufi?

Wani ɗan'uwa mai saurarenmu da ke zaune a Beljiyam ya turo mana hoton bayan wani tsohon faifan CD, wanda mu nan muke cewa sede, da ya saya a kasuwar gwanjo. Can ƙasan kwalin akwai ɗan akwati da haruffa uku a ciki: DDD. Ya ce ya duba sauran fayafayansa, wani an rubuta AAD, wani ADD, wani kuma ba komai. Shi ne yake tambaya ko lambar kamfani ce, ko kuwa ta duwan. Mun amsa masa cikin shiri, amma minti biyar ba su ishe mu ba, shi ya sa muka kawo bayanin a nan.

Ba ta duwan ba ce. Haruffan suna faɗin hanyar da waƙa ta biyo tun daga bakin mawaƙi har ta hau faifai.

Murya da kiɗa dai girgizar iska ce. In makaɗi ya buga kalangu, fatar ta girgiza, iska ta ɗauko girgizar ta kawo kunne. Tun zamanin garmaho dabarar adana sauti ɗaya ce: a bar sawun girgizar a jikin wani abu. A faifan garmaho, allura ce ke bin wani siririn kwari mai lanƙwashe-lanƙwashe. A kaset kuwa maganaɗisu ne ke barin sawun a jikin zare. Wannan ita ake kira analog, harafin A ke nan. Aibinta duk mun san shi, don mun tashi da shi: ƙarar nan ta "shuuu" da ke bayan waƙa, da yadda murya ke daɗa dusashewa in an kwafi kaset daga kaset.

Harafin D shi ne dijital, abin da ƴan lakwal ke cewa nimerik. A nan ba sawu ake ajiyewa ba, ƙirga ake yi. Ku ɗauki masu auna ruwan kogin Isa a Yamai. Kowace safiya su duba inda ruwa ya kai su rubuta lamba. Wanda bai taɓa ganin kogin ba, in aka ba shi littafin, zai iya zana yadda ruwa ya hau ya sauka cikin shekara. To haka na'ura take yi wa sauti, sai dai ita a faifan CD sau 44,100 take aunawa cikin sakan guda, a kunnen dama da na hagu kowanne, kuma kowane awo tana zaɓar masa lamba ɗaya cikin matakai 65,536. An kai awon har haka ne saboda kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza har wajen 20,000 a sakan, kuma ƙa'idar lissafin ita ce awon ya wuce ninki biyu na abin da ake son kamawa.

Amfanin abin a wajen kwafi yake. In ka ba yaro tiyar hatsi ya miƙa wa wani, wani ya miƙa wa wani, kafin ta kai mutum na goma ta rage. Amma in ka ce "tiya goma" aka yi ta faɗa wa juna daidai, goma ce za ta isa. Lamba ba ta zubewa a hanya.

To yanzu haruffan uku. Na farko yana nufin na'urar da ta ɗauki kiɗan a situdiyo. Na biyu, na'urar da aka zuba aikin a kanta lokacin haɗawa, wato sa'ad da ake daidaita muryar mawaƙi da ta ƴan amshi da ta ganguna su zama abu guda. Na uku shi ne uwar faifai, wadda daga ita ake buga sauran. A faifan CD na ukun kullum D ne, ba makawa. Ke nan AAD tsohon ɗauka ne da aka yi wa sabuwar riga. DDD kuwa shi ne wanda tun daga situdiyo har kasuwa lamba ce. Wata ƙungiyar masu situdiyo ta Amurka da ake kira SPARS ce ta fito da alamar, aka fara buga ta a 1984.

Abin da yakan ba mutane mamaki shi ne, ɗaukar sauti ta lamba ta girmi faifan CD da shekara goma. A Japan aka fara. Gidan rediyo da talabijin na ƙasar, NHK, ya yi gwaji tun ƙarshen shekarun 1960, kamfanin Denon ya ɗora a kai. A 1972 Denon ya ɗauki wasu makaɗa huɗu ƴan Cekoslobakiya, Smetana Quartet, suna kiɗan Mozart da na'urarsa ta lamba. A Amurka wani malamin jami'a, Thomas Stockham, ya kafa kamfanin Soundstream, kuma a 1978 kamfanin Telarc ya yi aiki da na'urarsa ya ɗauki makaɗan busa na birnin Cleveland. Amma duk waɗannan a baƙin faifai na allura aka sayar da su, don ba wanda ke da na'urar karanta lamba a gida. Kamar dai ka tace ruwa tas, sannan ka zuba shi a tsohuwar randa.

Masu kiɗan gargajiyar Turai su suka fi kowa zumuɗi, kuma da dalili. Irin kiɗansu yakan yi ƙasa har ya kusa shiru, sannan ya tashi da ƙarfi. Wurin shirun nan ne "shuuu" ɗin zare ke fitowa fili. Babban jagoran makaɗan Berlin, Herbert von Karajan, da kansa ya tsaya gaban ƴan jarida a Salzburg a 1981 yana tallar sabon faifan tun bai shiga kasuwa ba.

A ɓangaren kiɗan zamani, wanda aka fi ambata shi ne Bop Till You Drop na Ry Cooder, da ya fito a 1979, an ɗauke shi da na'urar kamfanin 3M. Sunan nan ba baƙo ba ne ga wasunku: shi ne Ba'amurken mai gita da ya yi Talking Timbuktu tare da marigayi Ali Farka Ture na Mali a 1994, har suka ci kyautar Grammy.

Shi faifan CD, kamfani biyu suka haɗu a kansa, Philips na Holand da Sony na Japan. A 1980 suka daidaita: faɗinsa santimita 12, ya ɗauki minti 74. Lambar nan 44,100 ma tana da labari. A lokacin na'urar bidiyo tana cikin ƴan na'urorin da ke iya haɗiye lambobi masu yawa haka da sauri, sai aka riƙa mayar da sautin ɗigo-ɗigo baƙi da fari ana ajiyewa a kaset ɗin bidiyo. A tsarin talabijin na Turai, layi 294 ake amfani da su, kowane layi na ɗaukar awo 3, sau 50 a sakan. Ku buga a tarhonku, 44,100 zai ba ku. Ke nan ƙa'idar da duniya ta bi shekara da shekaru, na'urar bidiyo ce ta tsaida ta.

Ran 17 ga watan Agusta 1982 aka fara buga fayafayan sayarwa a masana'antar PolyGram da ke Langenhagen, kusa da Hanoba a Jamus. Cikin na farko akwai The Visitors na ƙungiyar ABBA ta Suwidin, wanda akasarinsa da na'urar lamba aka ɗauka. Ran 1 ga Oktoba na shekarar Sony ya fito da na'urar kunnawa, CDP-101, a Japan, kan yen 168,000, kuɗin da sai mai hali. Turai da Amurka sai a watan Maris 1983 abin ya kai gare su. Abin dariya, faifan da ya ɗauki lamba ta ɗaya a jerin da aka fitar a Japan, 52nd Street na Billy Joel, ɗaukar 1978 ce a kan zare. Haka akasarin fayafayan farko suke: kamfanoni suka buɗe rumbunansu suka kwaso tsoffin waƙoƙi suka zuba a sabon faifai. Mai saye ya ga abu yana walƙiya ya ɗauka komai sabo ne. Don a fid da shi daga duhu ne aka kawo haruffan uku.

Faifan da ya sa DDD ya zama abin taƙama shi ne Brothers in Arms na ƙungiyar Dire Straits ta Ingila, wanda ya fito a watan Mayu 1985. An ɗauke shi a tsibirin Montserrat da ke yankin Karibiyan, da na'urar Sony mai layi 24, wato kowane kayan kiɗa da layinsa. Shi ne faifan CD na farko da aka sayar da kwafi miliyon guda. Tun wajen tsara shi CD aka nufa: da aka zo buga shi a baƙin faifai sai da aka datse wasu waƙoƙin don wuri bai isa ba. Philips ya ɗauki nauyin rangadin ƙungiyar, masu shagunan kayan sauti kuma shi suke sa wa mai ciniki don ya ji bambanci. Zuwa 1988, a Amurka, CD ya wuce baƙin faifai a ciniki.

Sai dai mu a ganinmu an zuzuta haruffan fiye da kima. Na ɗaya, makirufo da lasifika ba su san lamba ba, girgiza suke karɓa, girgiza suke bayarwa, ko jiya ko yau. Na biyu, yawancin fayafayan da aka rubuta wa DDD a shekarun 1980, har da na Dire Straits ɗin, wajen haɗawa sautin yakan fita daga lamba ya ratsa teburin haɗa sauti na analog sannan ya koma, haruffan kuwa ba su faɗin haka. Na uku, kuma shi ne babba, na'ura ba ta gyara aikin banza. Akwai AAD da in ka saurara sai tsigar jikinka ta tashi, akwai DDD da ke da kaifi a kunne kamar ana kankare tukunya. Mawaƙa irin su Neil Young sun shekara suna sukar sautin CD, suna cewa ba shi da ɗumi. Ita kanta SPARS a 1991 ta janye hannunta daga alamar don ta ga haruffa uku ba sa iya bayyana aikin situdiyo. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake samun wasu fayafayan ba komai a bayansu, kamar yadda ɗan'uwanmu ya gani.

Ina abin ya shafe mu? Waƙoƙin su Mamman Shata da Ɗan Anace da Ɗan Gurmu na shekarun 1970 duk a kan zare aka ɗauke su. Ke nan in kun ga sede ɗinsu a tasha, ko an zuba muku su a katin memori, harafin farko A ne har abada, kuma kyan sautin ya danganta da kaset ɗin da aka kwaso shi. In daga kwafi na biyar aka ɗauko, lamba za ta adana dusashewar nan daidai yadda ta same ta, ba ragi ba ƙari. Mu ma a nan gidan mun sha karɓar waƙar da aka ce "an gyara ta a kwamfuta", mu sa ta, mu ji ƙarar injin niƙa a bayanta, don wani ne ya kara tarho a bakin rediyo ya ɗauka.

Yau kowane tarho da ke aljihu ta lamba yake ɗauka, abin da a 1979 sai manyan kamfanoni. Amma akwai wani rami. Minti guda na sautin CD yana cin wajen mega 10. MP3 da aka saba turawa yana cin wajen mega 1, don an zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura ba. Saƙon murya na WhatsApp ya fi haka matsewa. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa.

Ƴan'uwa na waje kan roƙi a turo musu muryar mahaifi da ke cikin kaset ɗin saƙo na da, ko waƙar bikin gidansu, ko wa'azin malamin garinsu da ya rasu. Sau da yawa kaset ɗaya ne tak ya rage a duniya, kuma kowace bazara zafi na cin zaren. Mai irin wannan ya nemi asalin kaset ɗin, wanda ba kwafi ba. A goge kan na'urar da auduga da ɗan alkol, a haɗa ta da kwamfuta da waya, kada a kara tarho a lasifika. A ajiye aikin a tsarin WAV, awo 44,100 kamar na CD, a wuri biyu dabam-dabam. Daga wannan uwar sai a yi ƙaramin MP3 na turawa. Kaset ɗin kuma kada a yar, a sa shi a inuwa, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta.

Masu tsoffin sede su ma su kula. Hasken leza ta gefen walƙiya yake karantawa, amma lambobin sun fi kusa da gefen da aka yi rubutu, ɗan siririn fenti ne kawai ya rufe su. Ƙarcewa a gefen walƙiya sau da yawa na'ura kan cike gurbin, na gefen rubutu kuwa yakan tafi da waƙar. In za a goge, a sa ƙyalle mai laushi a ja daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye.