Kwikwiyo mai gurnani kan abinci da cizo: abin da mai gida ya kamata ya sani

A karkararmu, daga Dakoro zuwa Magariya, daga Madawa zuwa Tanut, kare ma'aikaci ne: shi ke gadin garke da dare, shi ke tsaron garka, shi ke bin mafarauta daji. Galibi ana ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo, kuma yara ne ke ɗawainiya da shi. Wata rana yaro ya miƙa hannu wajen kaskon abincinsa, sai ka ji gurnani, kafin a ankara haƙori ya shiga yatsa. Sai a ɗauko sanda. To, jama'a, sandar nan ita ke ƙara ɓata lamarin. Cizon kwikwiyo iri uku ne, kowane da maganinsa.

Cizon wasa

Kwikwiyo da baki yake sanin duniya. Haƙoransa na farko 28 ne, masu tsini kamar allura. Wajen wata 4 yake fara famfara, zuwa wata 6 ko 7 haƙoran girma 42 sun cika. A tsakanin nan dasashinsa na ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya tauna.

Rage ƙarfin cizo a cikin ƴan uwansa yake koyonsa: in ya ciji ɗaya da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Shi ya sa bai kamata a raba shi da uwarsa kafin sati 8 ba. Mu ma haka za mu yi masa. Da haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare: a naɗe hannu, a juya masa baya na ɗan lokaci. A ba shi igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla ya tauna. Kada a ba shi tsohon takalmi, don bai san tsoho da sabo ba. A gaya wa yara kada su fizge hannu su ruga da gudu, shi a wurinsa wasan ne ya yi daɗi.

Cizon rowa

Wannan shi ne na kan abinci, ƙashi, ko wurin kwanciya. Ba ya zuwa sai da gargaɗi. Da farko kwikwiyon zai sandare, ya duƙa kan kaskon, ya riƙa ci da sauri yana kallonka ta wutsiyar ido. Daga nan gurnani, sai yaƙe haƙora, sai cizo.

Mutane na cewa mugun hali ne, ko raini. A gaskiya tsoro ne: yana tsoron a ƙwace masa. Yunwa na kawo shi, tara kwikwiyo da yawa kan kasko ɗaya na kawo shi, haka tsokanar yara masu janye abinci don su ga ya fusata.

Kun ga ke nan, in an buge shi an ƙwace ƙashin, an tabbatar masa da abin da yake tsoro: hannun mutum na zuwa da asara. Abin da ya fi wannan muni, kwikwiyon da aka hora kan gurnani yakan daina gurnanin, amma tsoron na nan. Ranar da ya girma, sai ya yi cizo ba gargaɗi, kuma sau da yawa ƙaramin yaro ne a gabansa.

Abin da za a koya masa ɗaya ne: zuwan mutum ƙari ne. Ga yadda ake yi.

Na farko, a ƙosar da shi. Kwikwiyon da bai kai wata 6 ba yana bukatar ci sau 3 ko 4 a yini, da ruwa kullum a kusa. A nemi maganin tsutsar ciki wurin ma'aikatan kiwo.

Na biyu, kowane kare da kaskonsa, nesa da juna, a wurin da yara da kaji da awaki ba sa ratsawa. Doka ga yaran gida: kare na ci ko yana barci, ba a taɓa shi.

Na uku, babba ɗaya ya ɗauki aikin. Yayin da kwikwiyon ke ci, ya tsaya daga nesa, inda bai sa shi sandarewa ba, ya jefa masa abin da ya fi na kaskon daɗi, kamar ɗan guntun nama, ya wuce abinsa. Kullum haka. Bayan kwanaki ya matso taki ɗaya. In kwikwiyon ya sandare ko ya yi gurnani, an yi gaggawa, sai a koma baya. Alamar nasara ita ce ya ɗago kai yana kaɗa wutsiya in ya ga mutum tafe.

Na huɗu, musaya. In ya ɗauki abin da ba nasa ba, kada a bi shi, kada a buɗe bakinsa da ƙarfi. A nuna masa abu mai daɗi, in ya saki na bakinsa a ce "saki", a ba shi. In abin ba mai cutarwa ba ne, a mayar masa. Ƙashin kaza dafaffe kuwa kada a ba shi sam, yana tsagewa ya soke hanji.

Aikin na makonni ne, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Cizon ciwo

Kwikwiyon da jiya lafiya lau, yau ya canza: yana cizon komai ba dalili, miyau na zuba, muryarsa ta sauya, ya kasa haɗiya ko ƙafafunsa sun mutu. Wannan ba na horo ba ne. A kawar da yara, kada a kama shi da hannu, a kira ma'aikatan kiwo. Ƙaramin kwikwiyo ma yana ɗaukar cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira.

In haƙori ya huda fata, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15. Kada a sa barkono, toka ko ƙasa. A tafi likita a ranar, ba sai an ga abin da zai faru da karen ba. Shi kuma karen, in yana cikin hankalinsa, a tsare shi a sa masa ido aƙalla kwana 10, a sanar da likita duk canjin da aka gani.

Allurar rigakafin haukan kare ana yi wa kwikwiyo ita daga wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya faɗa. Ƴan uwanmu da ke Abijan, Kumasi, Legas ko Aljeriya, in kun kira gida, ku tambaya ko an yi wa karen gidan allura. Kuɗinta bai kai wahalar jinyar yaro ɗaya ba. Allah ya tsare mana iyalanmu da dabbobinmu.