Ƙaurar Ƙarfe: Daga Na'urorin Tarho Zuwa Gidajen Abare

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna, ta fuskar tarihi, cewa ƙarfe ba ya zama inda aka ajiye shi, kuma lulluɓe dauɗa ba ya kawar da ita. Za a kafa hujja da misalai biyu.

Rassan ƙarfe cikin na'ura

A shekarar 1955 masu bincike na kamfanin tarho na Bell a Amurka suka bayyana yadda azurfa ke ƙaura cikin kayan lantarki. Idan laima ta haɗu da gishirin da ya saura a kan allon na'ura, ga kuma lantarki, sai ƙarfen ya narke a waya guda, ya taru a maƙwabciyarta, ya riƙa tofo kamar reshen itace har ya haɗe wayoyin biyu, na'urar ta mutu. An ɗauki dabarar shafa wa allon wani rufi mai kama da ƙaro, amma aka tarar laima na ratsa shi. Muddin ba a wanke allon ba kafin shafi, rassan kan tsiro a ƙarƙashin rufin.

Dalma a Abare

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinariya ya hau, mutanen ƙasar Anka da Bukkuyum suka duƙufa haƙo. Duwatsun na ƙunshe da dalma, kuma a cikin gida ake daka su, ana niƙawa da injin hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta shiga jininsu. A watan Maris na 2010 Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta ankarar da hukuma. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan yankin, har da Abare, Dareta da Yargalma.

Abin lura a nan shi ne tsarin gyaran da aka bi a Abare tsakanin 2010 da 2011. Sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar, aka binne ta a ramuka bayan gari, sannan aka shimfiɗa sabuwa. Yaron da aka yi wa magani kuwa, in ya koma gida mai dalma, cutar dawowa take.

Kammalawa

Darasin injiniya da na likita ɗaya ne: tsabtacewa ita ce farko, rufi na biye. Saboda haka wajibi ne hukuma da sarakuna su tabbatar niƙan dutse bai sake komawa cikin gidaje ba.