Daytona 500

Daytona 500 gasar tseren motoci ce da hukumar NASCAR ke shiryawa kowace shekara a watan Fabrairu, a filin Daytona International Speedway da ke jihar Florida a Amurka. An fara ta ranar 22 ga Fabrairu, 1959, inda Lee Petty ya zo na ɗaya.

Hanyar tseren mai siffar ƙwai ce, tsawonta mil 2.5, kuma motoci kan zagaye ta sau 200. An karkata kowace babbar kwana da digiri 31 domin direbobi su sha ta a guje.

Richard Petty ya lashe gasar sau 7, fiye da kowa. Direba Dale Earnhardt ya rasu a hatsari a zagayen ƙarshe na gasar, ranar 18 ga Fabrairu, 2001.