Gyaran Urukagina na Lagash: Tsakanin Shelar Sarki da Allunan Lissafi

Lagash ƙaramar daula ce ta Sumerawa a kudancin ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, tsakanin kogunan Dijla da Furat, kuma babbar alƙaryarta ita ce Girsu, wadda kufanta ke Tello, inda Ernest de Sarzec, jami'in jakadancin Faransa a Basra, ya fara tono a 1877. Daga cikin abin da ƙasa ta fitar akwai turakun yumɓu masu rubutun ƙusa, wato rubutun da ake dannawa da tsinken kara a jikin ɗanyen yumɓu, ɗauke da sunan Urukagina, wanda wasu masana ke karantawa Uru'inimgina. Ya gaji Lugalanda wajen shekara ta 2350 kafin Miladiyya, da farko da laƙabin ensi, ma'ana hakimin birni, kafin ya ɗauki laƙabin lugal, wato sarki.

Abin da ya jawo hankali ga waɗannan turaku shi ne yadda suka zayyana zaluncin da aka saba da shi kafin zuwansa. Shugaban masu jiragen ruwa yana ƙwace jirage, mai kula da dabbobi yana kama jakuna da tumaki, shanun huɗar haikali kuma suna noman gonakin albasar mai mulki. Idan mutum ya saki matarsa, sai ensi ya karɓi shekel 5 na azurfa, wazirinsa ya karɓi 1. Shekel kuwa awo ne na kimanin giram 8. Ko gawa ba ta tsira ba, domin mai binne ta yakan karɓi tulu 7 na giya da gurasa 420, abin da Urukagina ya ce ya mai da shi tulu 3 da gurasa 80. Ya kuma hana babban mutum tilasta wa talaka sayar masa da gida ko jaki a farashin da bai gamshe shi ba, sannan ya ƙulla alkawari da Ningirsu, abin bautar birnin, cewa ba zai bar maraya da matar da mijinta ya mutu a hannun mai ƙarfi ba.

Saboda haka ne ake yawan kiran wannan rubutu dokar adalci ta farko a tarihi, amma wannan kirari ya zarce abin da hujja za ta ɗauka. Rubutun ba kundin shari'a ba ne mai jera laifi da hukuncinsa, shela ce ta sarki wanda bai ambaci mahaifinsa a cikinta ba, ya jingina haƙƙinsa na sarauta ga cewa Ningirsu ne ya zaɓo shi daga cikin mutum 36,000. Mai mulkin da bai dogara da gado ba yana da buƙatar ya baƙanta zamanin magabatansa.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin allunan lissafi fiye da 1,500 da suka fito daga gandun da ake kira e-mi, wato gidan mace, wanda Baranamtara matar Lugalanda ta riƙe. Urukagina ya yi shelar cewa ya mayar wa alloli gonaki da gidajen da iyalin sarauta suka mallake, kuma lallai an sauya sunan gandun ya koma gidan Bau, matar Ningirsu. Sai dai allunan rabon sha'ir da ulu ga ma'aikata sun nuna cewa ragamar gandun ta koma hannun Shasha, matar Urukagina kansa, kuma aiki ya ci gaba bisa tsarinsa na da. Suna ya sauya, iko bai bar fada ba. Duk da haka, kuskure ne a yi watsi da gyaran a matsayin farfaganda kawai, domin adadin gurasa da tuluna da aka ƙayyade abu ne da talakan Girsu zai iya gwadawa ranar da ya binne mamacinsa, kuma maganar kare maraya ta zama ma'aunin da sarakunan da suka zo bayansa, irin su Ur-Namma na Ur da Hammurabi na Babila, suka ga dole su auna kansu da shi a rubuce-rubucensu.

Mulkin bai yi tsawo ba. Tsohuwar gabar Lagash da birnin Umma a kan filin noma na Gu'edena, wadda ta faro tun zamanin Mesilim na Kish, ta kai ga Lugalzagesi na Umma ya auka wa Lagash, ya cinna wa haikalai wuta, ya kwashe azurfa da duwatsu masu daraja. Wani allon da ya jera wuraren da aka ɓarnata ya wanke Urukagina daga laifi, ya ɗora alhakin a wuyan Lugalzagesi, wanda shi ma daga baya Sargon na Akkad ya kama shi ya kai Nippur a ɗaure.