Tarihin Sojan Roba na G.I. Joe

A shekarar 1964 ne kamfanin Hasbro na ƙasar Amurka ya fito da wani sojan roba mai tsawon kimanin inci 12, wanda aka laƙaba wa suna G.I. Joe. Da yake a wancan zamani abin gori ne a ga ɗa namiji riƙe da 'yar tsana, sai kamfanin ya ƙi kiran sa da wannan suna. Dabarar kuwa ta ci, aka yi ta sayen sojan da tarkacensa, kama daga kaki da hular kwano har zuwa bindigogi da jif.

Amma da yaƙin Biyetnam ya ƙazanta, iyaye da dama suka juya wa kayan wasan soja baya. Ala tilas a 1970 aka mai da shi ɗan yawon kasada, a 1976 kuma aka daina ƙera shi. Da ya dawo a 1982, bai kai inci 4 ba.

Yaran wancan lokaci su suka girma suka zama masu tara shi. Abin mamaki, wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba, wato wanda babu yaron da ya more shi, shi ya fi tsada. A 2003 an sayar da samfurinsa na farko dala 200,000.